Kifayen da Suka Ƙi Mutuwa a Riyad

Na ga teku a Legas, na gan shi a Dakar, amma ban taɓa ganin an ɗauko teku a mota ba sai a Riyad, lokacin da arzikin mai ya fara juya kan gari. Ina aikin tafinta a wani ɗakin gwaji a unguwar Murabba. Tanka ke kawo mana ruwan gishiri da ƙananan kifaye daga gabas. Sai a ɗiga musu sinadarin da masu haƙar mai a cikin teku ke aiki da shi. In sun mutu, a hana zubar da shi a ruwa.

Mai kula da tulunan gilashin da ake zuba kifayen wani Malam ne ɗan Damagaram. Karatun hadisi ya kawo shi, ya gama ya zauna, kuma iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, a hannun masu wurin take.

Aka kawo wani sinadari mai warin kananzir da daddawa. Shugabanmu, Baturen Holan, ya ce kifayen ba za su kai Juma'a ba. Juma'a ta zo suna ta wasa. Ya ƙara musu, suka ƙara sheƙi. Yana sosa ƙeya ya fara rubuta cewa abin ba ya cutarwa.

Ni dai na ga ruwan tanka na saurin ƙarewa. Na tare Malam bayan La'asar.

"Malam, wa ke shanye mana teku?"

"Alhaji, ka san abin da ya sami matar da ta kulle kyanwa. In Nasara ya fita cin abinci, sai in sauya wa bayin Allah ruwa."

"Madalla. Ka ceci na tulu, gobe a tuttula gubar nan kan danginsu duka, da shaidarka."

Ya daɗe yana jan gemu. "La haula. To iƙamata fa?"

"Mu je. Ka yi magana, ni zan kai."

A gaban Bature, maimakon ban haƙuri, Malam ya buɗe wa'azi, har da makomar masu azabtar da dabba. Na ce da Turanci, "Ya ce shi ya sauya ruwan, kuma ya yi nadama."

"Duk wannan?" in ji Bature.

"Hausa doguwa ce."

Fuskar Bature ta yi jajawur, ya ƙunduma ashar da harshensu, wanda na ɗan tsinta a tashar jiragen ruwa.

"Me ya ce?" in ji Malam.

"Ya ce Allah ya ƙara imani."

"Amin. Ashe yana da ɗan hankali."

Aka sake gwaji, an kulle ƙofa. Kifayen ba su kai Laraba ba, aka soke sinadarin. Malam kuwa ba a kore shi ba, don Bature ya ce bai taɓa ganin mai renon kifi irinsa ba. Aka mayar da shi kan tulunan kifayen da ba a ɗiga wa komai. Ya karɓa bisa sharaɗi: duk ranar zuba guba a faɗa masa da wuri, ya tafi asibitin Shumaisi dubiya.