Ƙanzon da Kaka Ta Tafi Kawowa

Har yau idan tuwo ya kama a tukunya, ƙaurin ya bugi hancina, sai na nemi wuri na zauna. 'Ya'yana sun ɗauka hawan jini ne, ni kuma ban taɓa gyara musu zance ba.

Shekarun da nake tasowa, ƙaramar Sallah a cikin sanyi take faɗowa. Sanyin Jidda dai ba wani abin a zo a gani ba ne, baƙin da suka zo daga ƙasar Hausa dariya suke mana, amma mu 'yan unguwar Ruwais da iskar teku ta kaɗo sai ka gan mu a ƙudundune kamar kajin da ruwa ya daka. A gidanmu akwai al'ada. Idan Sallah ta rage kwana uku, kakata, mahaifiyar babana, za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Me bakinka yake so?" Baba kullum sayadiyya, shinkafa da kifi. Ummi saliƙ take cewa, shinkafar nan da ake dafawa da madara. Ni kuwa dibyaza, irin ta maƙwabtanmu Hijazawa, mai zaƙi da busassun 'ya'yan itace, don a lokacin duk abin da Larabawa suka ci shi ne abinci a wurina. Kakar ma Sitti nake kiranta irin na Larabawa, ita kuma ta harare ni ta ce, "Sittin gidanku. Kaka nake, 'yar nema."

Idan ta gama da mu sai ta juya fuskarta wajen teku, inda babu kowa, ta ce a hankali, "Ke kuma na san naki." Tsigar jikina tashi take yi duk shekara.

Kowa a gidan ya san da wa take. A ƙafa suka zo aikin Hajji ita da kakana, shekaru suna tafe suna yada zango, da Baba a goye da yayarsa mai shekara bakwai. A Sawakin, bakin teku na ɓangaren Sudan, ƙyanda ta kama yarinyar, mai jirgi ya rantse ba zai ɗauki mara lafiya ba. Kakana ya ce a bar ta wurin wata Bahaushiya mai sayar da abinci, wata biyu ne kawai su dawo. Yarinyar ta riƙe zanen uwarta ta ƙi saki. Babu abin da take so a duniya kamar kwaɗon ƙanzo, sai Kaka ta ce mata, "Sake ni in je in kawo miki ƙanzo." Ta sake ta. Kakana ya rasu a Makka a shekarar, Kaka ta maƙale babu takarda babu hanya, kuma lokacin da ta samu wanda za ta aika, an ce mai abincin ta tashi, ba a san inda ta nufa ba.

To shi ya sa kowace shekara Kaka take tuƙa tuwon dawa ta bar shi ya kama da gangan. Gidan ya ɗauki ƙauri, har cikin sababbin kayan Sallarmu. Ta kankare ƙanzon, ta shanya a kan rufin kwano, ta jiƙa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Washegarin Sallah ta ɗora kwanon a ka ta nufi masaukin alhazai na kusa da tashar jiragen ruwa, don lokacin jiragen farko daga Sudan suke fara sauke mutane. Tana bin matan da suka kai shekarun 'yarta, tana zuba musu a hannu, tana kallon fuskokinsu.

Ni dai kunya abin yake ba ni, wallahi. Ranar da kowa ke rabon alewa da goro, mu namu sadakar ƙanzo! 'Yan makarantarmu da ma Takruniya suke ce mini, sunan raini da suke kiran baƙar fata irinmu, ga kuma wannan.

Shekarar da nake sha biyar, sanyi ya shiga ƙirjin Kaka a ƙarshen azumi. Ta daure ta yi ƙanzonta a zaune, amma ranar kaiwa ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ummi tana da tsohon ciki, Baba namiji ne ba zai shiga wajen mata ba. Sai ni. Kuma a ranar ne kawuna, ƙanin Ummi, zai kwashe mu a motarsa zuwa Abhur, bakin teku, inda muke yini duk Sallah da shayi da darduma. Shekara guda nake jiran ranar nan. Na yi ta ƙunƙuni, Kaka ta kama hannuna, tafinta zafi zau, ta ce, "Kar ki zuba ki wuce. Ki tsaya ki dubi mutum. Duk wadda ta ce wani abu, ki riƙe ta."

Kawu ya tsaya da mota a bakin masaukin ya ce, "Yalla, maza, minti biyar."

Ciki kuwa mata ne zube a kan tabarmi da ƙullin kayansu, ana ta tari. Na riƙa zubawa ina gaba, ban dubi kowa ba. Wasu suka yi godiya, wasu suka yi dariya. Saura kaɗan a kwanon na iso wurin wata mata a jikin bango, doguwa, siririya, za ta yi shekara arba'in da wani abu, da ɗigo-ɗigon tabo a kumatunta. Ta karɓa ta kai baki, ta daina taunawa. Ta daɗe tana kallon abin da ke hannunta. Sannan ta ɗago ta ce, "'Yata, wa yake yin ƙanzo ranar Sallah?"

Na ce, "Kakata."

Ta ce, "Ikon Allah. Ni ma uwata ƙanzo ta tafi kawo mini."

Ba kuka ta yi ba. Murmushi ma ta yi, irin na Baba, gefe ɗaya na baki. Na ji maganar sarai, na kuma gane ta, kada in yi wa kaina ƙarya a tsufana. Tsoro ya kama ni kamar na ga wadda aka binne. A waje kawu ya danna ham, ya sake dannawa. Na ce mata, "Gobe zan dawo in kai ki wurinta." Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi ayarin da ta biyo ba. Na fita da gudu.

A Abhur ban iya cin komai ba. Da muka dawo da la'asar Kaka tana kwance fuskarta na kallon ƙofa. Ta ce, "Babu wadda ta ce komai?" Na san in na faɗa za ta ce don me ban taho da ita ba, kuma ba ni da amsa sai yawon bakin teku. Na ce a raina gobe da sassafe in je in kawo ta, kowa ya yi murna, a manta da laifina. Na ce, "Babu, Kaka."

Washegari aka tashi da ruwan sama. Wanda ya san Jidda ya san ruwanta, shekara ba a yi ba, ranar da aka yi kuma sai gari ya zama tafki. Kwana biyu ruwa na gudu a lungunmu har gwiwa, Baba ya hana kowa leƙa waje. A rana ta uku na tsallake taɓo na isa masaukin. Jikin bangon nan wasu mutane ne daban. Mai gadi ya ce 'yan wancan jirgin an ɗebe su a manyan motoci zuwa Madina tun jiya. "Halas, shi ke nan," in ji shi, ya juya.

Da na buɗe baki a ranar, da Baba ya bi sawu, don alhazai ba sa ɓata gaba ɗaya kafin Arfa. Na yi shiru. Kowace safiya shirun yana ƙara nauyi, har faɗar ta gagare ni. Kaka ta warke, ta ƙara Sallah ɗaya, ta kai ƙanzonta da ƙafarta, ta dawo ta ce bana ma Allah bai yi ba. Kafin wani sanyin ta rasu.

Yanzu ni ce mai shimfiɗa tabarma. Jikokina suna zaɓar abin da suke so, rabinsa ban ma san sunansa ba. Idan sun watse nakan tuƙa tuwon dawa in bar shi ya kama, ko da yake har gobe ba na son ƙanzo. Masaukin nan an daina sauke kowa a cikinsa tuntuni, ba ni da inda zan kai. Sai in rufe kwanon in ajiye a bakin ƙofa, in zauna kusa da shi. Yayar Baba, ce mata aka yi ta jira ƙanzo, ta jira shekara kusan arba'in har ya iso. Ni kuma na ce mata gobe.