Biskit ɗin da Bai Ga Wuta Ba

Kakarmu ta zo mana Gamboru ne a bayan motar ɗaukar kifi, a shekarar da mutanen bakin tafki suka fara kwararowa cikin Maiduguri. Ina firamare a lokacin, ko da yake ranakun da makarantar take rufe sun fi na buɗewarta yawa. Mahaifiyar babanmu ce, Hajja Kaltum, amma mu Kaka muke ce mata. Ta sauka da ƙullin kaya guda da butar alwala, warin banda duk ya kama zanenta. Ƙanin babanmu, Baba Modu, shi ya ɗora ta a motar a Baga, ya ce ta yi gaba, zai kwashe komarsa ta kamun kifi ya biyo ta. Ba a daɗe ba aka yanke layin waya, ba mai iya kiran wani. Daga nan sai zaman jira.

Gidanmu ba wani babba ba ne, amma kafin wata ya ƙare 'yan gudun hijira sun cika shi, har zaure akwai masu kwana. Babanmu dillalin busasshen kifi ne a kasuwar Baga Road, kuma kifi ya daina zuwa. Yakan fita da safe don kada a ce ya zauna, ya dawo kafin dokar hana fita ta kama shi a hanya, ya jingina da bango. Nauyin tukunya gaba ɗaya a kan mahaifiyarmu yake, Yagana. Kuma ba hatsi ne ya fi ba ta wahala ba, abin hura wuta ne. Masu shiga daji yin itace sun ja baya, don ba duk wanda ya shiga yake fitowa ba, gawayi kuwa sai wanda ya san wani. Sau ɗaya ake hura wuta a gidanmu, da la'asar. Mama ta durƙusa gaban kurfoti tana fifita da murfin roba, hayaƙi na shiga idonta. A shekarun nan ban taɓa ganin idanunta fari ba.

Bayan magariba, idan unguwa ta mutu, ba a jin ko ƙarar keke, Kaka takan sa a jawo kurfotin tsakiyar gida da ɗan garwashin da ya rage. Mu yara mu kewaye shi, mu cusa ƙafafu cikin zane. Hausarta ta kasuwa ce, mai nauyin Barebari a harshe, kuma idan labari ya ɗauki zafi sai ta zarce da Kanuri ba ta sani ba, sai 'ya'yan maƙwabta sun ja bakin mayafinta ta dawo. Tana da nata salon buɗewa. Takan ce, “Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa.” Mu amsa, “Ta shigo, akwai tabarma.” Wani lokaci ana tsakiyar tatsuniya a ji ƙara daga can bayan gari. Sai ta dakata, ta saurara kamar mai auna nisa, ta ci gaba daga inda ta tsaya da murya ƙasa-ƙasa.

Tatsuniya dai tana bayarwa, amma abinci ta ƙi shi. Idan aka ajiye mata kwano sai ta gutsiri loma ɗaya, ta ture sauran gaban yara, ta ce tuwon birni ba ya wuce mata a maƙogwaro. Kowa ya san ba tuwon ba ne. Na taɓa ji tana gaya wa babanmu cikin Kanuri cewa ba za ta cika ciki ba alhali ba ta san ko Modu ya samu ruwan sha ba. Awarwaron hannunta, da a da yake tsayawa a wuyan hannu, ya koma zamewa har gwiwar hannu. Mama ta gwada kunu, ta gwada romon kan kifi da ta roƙo a maƙwabta, duk a kan gawayin da ba shi da yawa. Kaka ta yi godiya, ta sa albarka, ta ture.

A bakin layinmu akwai wata mai shagon kayan masarufi, Maman Chidi, mutuniyar kudu ce amma ta daɗe a unguwar har Hausarta ta fi ta Kaka miƙewa. Ta riga ta tura 'ya'yanta gida tun farkon rikici, ita ta tsaya gadin shago. Wata ranar da hantsi sai ga ta da kwali a ka. Ta ce ta haƙura, jibi za ta bi ayarin motoci ta tafi, ga abin da ya rage a kanta wanda ba mai saye. Madarar gari ce da gwangwanayen ot, wani hatsin Turawa da ake murjewa ya yi fale-fale. Mama ta buɗe ɗaya ta leƙa, ta ce ta gode, amma wannan ai sai an dama shi a wuta kamar kunu, ita kuwa yau ko ƙwayar gawayi babu a gidan.

“Ba sai da wuta ba, Yagana,” in ji Maman Chidi. “Kawo min turmi da faranti.”

Ta ajiye jakarta ta zauna a kujerar tsugunno. Ta ce biskit za a yi, yadda take yi wa 'ya'yanta da bota ne da sukari, sannan a sa a firji, amma tunda babu ko ɗaya sai a yi da abin da ake da shi. Akwai dabinon da babanmu ya ajiye, ya bushe ya yi tauri, aka jiƙa shi aka cire ƙwallon, Mama ta kirɓa shi a turmi har ya yi danƙo. Aka zuba ot a faranti, da madara, da ɗan markaɗen gyaɗa da ya rage a ƙasan kwalba. Aka tsinko lemun tsami daga bishiyar da ta leƙo ta katangar maƙwabta. Maman Chidi ta goge bawon a jikin gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa, ta ce koren kawai, farin ciki ɗaci gare shi. Sannan ta matse ruwan a kai. Ƙamshin ya tashi ya rufe warin mutane da na kwata da muka saba da shi har mun daina ji. Aka cuɗa da hannu, ana mulmulawa ana dannewa da murfin kwalba ya fito zagaye. Maimakon firji, Mama ta ɗora farantin a bakin randa ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, aka bar shi ya kama jikinsa har yamma.

Kaka tana kan tabarmarta tana kallon komai, carbi a hannu. Da aka nuna mata, ta ce wannan ai dusa ce, a Baga awaki ake zuba wa. Maman Chidi ta yi dariya, ta durƙusa ta yi mata sallama, Kaka ta dafa kanta ta yi mata addu'ar sauka lafiya.

Ran nan ba a hura wuta ba sam. Garin kwaki muka jiƙa da rana. Amma da magariba ta wuce Kaka ta ce a jawo kurfoti duk da haka, muka kewaye toka mai sanyi, kowa da biskit ɗinsa a hannu yana ɗan gutsira don kada ya ƙare da wuri. Yana da tsami da zaƙi, yana manne wa haƙori. Mama tana can gefe ta jingina da turmi, ta miƙe ƙafa, abin da ban saba ganin ta yi ba.

Baƙuwar da ta shigo ran nan ba mu taɓa jin ta ba. Wai a wani gari a tsakiyar tafki, Wuta tana zaune cikin mutane kamar kowa, kullum da safe ta bi gida-gida ta dafa musu. Sai mutanen suka fara aikenta inda bai dace ba. Wannan ya tura ta rumbun maƙwabcinsa, wancan ya tura ta jirgin ɗan'uwansa. Wuta ta gaji, ta shige cikin kasko, ta hau kwalekwale ta ƙetare ruwa. Mutanen gari suka kwashi tukwanensu da ɗanyen kifinsu suka zauna a bakin gaɓa, suka yi rantsuwa ba mai sa komai a baki sai ta dawo. A cikinsu akwai wata mata mai 'ya'ya da yawa, ga kuma na mutane da aka bar mata. Ita ma kullum tana zuwa zaman jira, har wata safiya gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Ta zauna a gida. Yara suna kuka, sai ta jawo turmi daga zaune, ta daka gero, ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da dabino, ta dunƙula ta jera a kan dutse a inuwa. Yaran suka ci suka yi barci. Labari ya kai bakin gaɓa, aka ce wance ta cire rai da Wuta, ta ci amanar gari. Aka aiko a ji ta bakinta. Ita kuwa ko ƙarfin amsawa ba ta da shi. Ta dai miƙa wa ɗan aiken dunƙule ɗaya, ya waiga bai ga kowa ba, ya cinye.

Nan Kaka ta dasa aya. Na tambaye ta ko Wutar ta dawo. Ta ce wanda ya ba ta labarin a nan ya tsaya, baƙuwa ta tashi, a naɗe mata tabarma.

Ba mu kai ga motsawa ba muka ji muryar Mama daga jikin turmi, a hankali, ba ta ko ɗago kai ba.

“Hajja, to ke a ina kike zaune? A bakin gaɓa ko a gidan matar?”

Ban taɓa jin Mama ta mayar wa surukarta magana ba, ko kallon ido ba ta yi mata. Babanmu ya yi gyaran murya daga zaure. Matan da ke ƙofar ɗaki suka sunkuyar da kai. Kaka ta daɗe tana jan carbi, har na ɗauka fushi ta yi. Can sai ta miƙo hannu wajena.

“Fanna, ba ni dusar nan in gani.”

Haƙoranta ba su da yawa, sai da ta tsoma shi a moɗa ya yi laushi. Ta ci a hankali, muna ji tana haɗiya. Ta ce tsamin ya yi yawa, gobe a rage lemun. Ta karɓi na biyu ta ci rabi, ta ƙulle sauran a bakin mayafi. Na waiga wajen Mama. Da na je kusa da ita na tarar barci ya ɗauke ta a zaune.

Daga ranar Kaka ta koma cin abinci, ba da yawa ba, amma tana ci. Mun yi ta yin biskit ɗin har gwangwanin ƙarshe ya ƙare, duk ranar da gawayi ya yanke. Da aka maido da waya Maman Chidi ta kira ta ce ta sauka lafiya, ta tambayi jikin tsohuwa. Layin Baba Modu bai sake shiga ba. Babanmu ya bi sansanonin 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce ya gan shi a jirgi ya nufi tsallake, wani ya ce ba shi ba ne. Har yau iyakar abin da muka sani ke nan. Kaka ta ƙara wasu shekaru tare da mu, ta rasu a ɗakinta na Gamboru ba ta sake ganin tafki ba. Har ƙarshe, idan aka buga ƙofa, ita take fara ɗago kai.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin labarin mace mai dabara, haka ma na riƙa ba ƙawayena ita a makaranta. Sai da na yi aure na haihu, aka shiga doguwar ɗaukewar lantarkin nan da ta yi wa garin zaune, ga goyo ga ɗiban ruwa ga miji a kan hanyar Damaturu ina jiran waya, sannan na gane ba dabara Kaka take yabo ba. Matar ba ta fi kowa wayo ba, kuma ba ta daina son Wuta ta dawo ba. Jikinta ne ya kai ƙarshe, ga kuma bakunan da ba su san rantsuwa ba, sai ta yi ɗan abin da za ta iya daga inda take zaune. Na kuma fara zargin cewa babu wanda ya ba Kaka wannan labari, a ranar ta ƙera shi tana kallon turmi, domin a al'adarta uwar miji ba ta buɗe baki ta ce wa matar ɗanta na ga wahalarki.

Bara na yi biskit ɗin a gidana, da bota da sukari da firji kamar yadda Maman Chidi ta so, na kai wa Mama. Ta sunsuna ta ajiye, ta ce in ba jikokinta, ita da ta ji ƙamshin lemun nan sai gajiyar shekarar ta sauko mata a kafaɗa. Na gaya mata abin da nake zargi, na tambaye ta ko ta lura.

“Na san da ni take,” in ji ta. “Ba don haka ba, a ina zan samu bakin tambayarta?”