Amurkar da Yayana Yake Kallo

Yayana bai taɓa zuwa Amurka ba. Bai ma taɓa wuce Jidda da Makka da Madina ba sai ranar da aka fitar da shi. Amma ya san tarihin Amurka fiye da na Sudan, inda takardunmu suka ce nan ce ƙasarmu.

A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife mu, ni da shi, a gida mai ɗaki biyu. Babanmu ya zo Hajji yana saurayi daga wani ƙauyen Hausawa na bakin kogin Nilu, ya tsaya yana dako a tashar jiragen ruwa, har Allah ya karɓi abinsa ina 'yar shekara tara. Tun daga nan Yaya ya zama namijin gidan. Yana gyaran talabijin a wani shago a unguwar Ammariyya, ni kuma da na girma na kama yi wa amare lalle.

A wannan shagon ya koyi Turanci, daga fina-finan da yake gwada talabijin ɗin mutane da su. Sannu a hankali ya bar sauran, ya manne wa iri ɗaya: waɗanda ake ɗauko tarihin Amurka a juya shi, a nuna yadda ƙasar za ta kasance da wani abu bai faru yadda ya faru ba. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan zo da guda. Ni in dafa shayi da na'a-na'a, Inna ta zauna da tiren kuɓewarta tana yanka, shi kuma ya riƙa tsayar da fim ɗin yana fassara mana.

Kafin ya kunna sai ya fara gaya mana ainihin abin da ya faru, don mu gane inda aka karkata.

"Inna, a gaske sun yi yaƙi a tsakaninsu kan bayi, suka sake haɗewa. A nan kuwa ba su haɗe ba, sun rabu uku."

"To in bai faru ba, me ya sa suke ɓata kuɗinsu?"

"Don a ga yadda za ta kasance."

"Ƙarya dai ke nan mai tsada," in ji Inna, ta ci gaba da yanka.

Amma ranar ta kalla har ƙarshe. A fim ɗin akwai wani Bature da iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare a ɗaya daga cikin ƙasashen ukun, yana bin lungu yana gudun masu tare hanya. Da ya ɓoye a bayan motar kaya, sai Inna ta ajiye wuƙa ta yi dariya har da hawaye.

"Ashe su ma sun san iƙama!"

Na daɗe ban ga ta yi dariya irin wannan ba. Yaya ya mayar mata da wurin baya sau biyu.

Wata rana na tambaye shi me ya sa a yawancin fina-finan nan ƙasar takan fi lalacewa. Ya ce da gangan suke yi, don mai kallo ya tashi yana godiya da abin da yake da shi. A lokacin abin yana burge shi. Yakan ce mutanen da suka iya tsorata kansu da abin da bai faru ba, sun ƙoshi.

Haka muka yi shekaru, har wata ƙaramar Sallah da Kawu ya zo gaishe mu. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, abokin Baba ne tun suna dako tare. Shi ɗan ƙasa ne, yana zaune a unguwar Safa, 'ya'yansa duk suna aikin ofis. Ya tsufa sosai, ya kai shekarun da mutum yake faɗin duk abin da ya zo bakinsa. Yana kurɓar gahawa ya dubi Yaya ya girgiza kai.

"Kai da basirarka, da yanzu kana wani babban wuri. Allah ya jiƙan babanku, taurin kai ne da shi. Tare aka kira mu fa. A zamanin nan da sauƙi, wanda ya daɗe yana aiki a tasha sai a rubuta shi ɗan ƙasa. Na ja hannunsa har bakin ƙofa, ya ce shi baƙo ne, baɗi zai koma gida."

Yaya ya juya ya dubi Inna. Kawu bai lura ba, ya shiga labarin ciwon gwiwarsa.

Bayan Yaya ya raka shi mota ya dawo, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba.

"Inna, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Kin sani duk shekarun nan?"

"Yana da gona a gida. Ya ce ba zai sayar da asalinsa ba. Kai, bar wannan magana, da-na-sani ƙeya ce. Abin da Allah ya rubuta shi ya faru."

"Halas, shi ke nan," ya ce, ya shige ɗaki.

Juma'ar da ta biyo baya bai zo da fim ba. Ta gaba ya zo da shi, amma bai fassara ba, muka zauna muna kallon bakin Turawa yana motsi har Inna ta tashi. Daga baya ya koma kallo a wayarsa shi kaɗai, da abin ji a kunne. Na taɓa zama kusa da shi na ce ya ba ni labarin wanda yake kallo. Ya zare abin kunnen ya dube ni.

"Kin san bambancinmu da su? Su tasu ta ƙarya ta fi ta gaske muni. Mu tamu ta ƙarya ita ce mai kyau."

Wata ranar Alhamis ya raka ni Safa zan yi wa wata amarya lalle. Muka bi ta gaban benen su Kawu. Ya tsaya ya ɗaga kai.

"Hawa na uku. Da nan muke. Ke kina koyarwa a makarantar can, ni na yi karatun injiniya. Da na ma je Amurkar na dawo."

"Yaya, yalla mu tafi, rana tana yi."

"'Ya'yana uku. Babbar ta shiga sakandare."

Shekararsa arba'in da ɗaya a lokacin, bai yi aure ba. Sau biyu yana nema ana ce masa zamansa ba shi da tabbas. Na ja hannun rigarsa, na ga yana murmushi, kuma murmushin ne ya ba ni tsoro.

Ba a daɗe ba kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takarda, ya rufe shagon, iƙamarsa ta ƙare. Ba wannan ne karo na farko ba. A da yakan bi mutane ƙafa da ƙafa har ya samu wani kafilin. Wannan karon ko waya bai buga ba. Kawu da kansa ya aiko ɗansa da maganar wani aiki a sito, Yaya ya ƙi fitowa su gaisa. Mutumin da ba shi da takarda ya san hanyoyin da ake bi da waɗanda ba a bi, amma shi sai ya riƙa fita babban titi da hantsi, yana tafiya a hankali kamar mai gari. Na roƙe shi, Inna ta yi masa faɗa. Ya ce a nan aka binne cibiyarsa, ba zai ƙara bin lungu ba.

Wata safiya ya fita sayo burodi da ful, wato dafaffen wake, bai dawo ba. Bayan kwana uku ya kira daga tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Muryarsa a sake, kamar wanda ya sauke kaya.

"Ki ce wa Inna zan je in ga gonar nan."

Ya kuwa gan ta. Bayan wata biyu ya kira ni daga ƙauyen su Baba. Ya ce dangi sun karɓe shi, suna kiransa ɗan Makka, suna dariyar Hausarsa don rabinta Larabci ne. Ya ce wani ƙanin Baba ya kai shi bakin kogi ya nuna masa gonar, wani ne ma yake noma ta yanzu.

"Yaya gonar take?" na tambaya.

Ya amsa mini a hankali:

"Ba ta kai wurin ajiye motocin gidan su Kawu ba. Albasa ce a ciki."

Na tambaye shi ko yana samun kallo, ya ce babu wuta sosai, kuma ya goge su duka daga wayar.

Sau huɗu muka ƙara magana kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan. Da farko ana cewa bai kai yankinsu ba, daga baya aka ce ya kai. Wayarsa ta daina shiga, ta ƙanin Baba ma haka. Duk wanda na ji ya iso daga can sai na nemi gidan da ya sauka, in nuna masa hoto. Wata mata ta ce kamar ta ga mai kama da shi a hanyar gudu, yana ɗauke da wata tsohuwa. Wani mutum ya ce mazan ƙauyen ba su fito ba. Ba wanda ya ce ya gan shi da rai, ba wanda ya ce ya ga gawarsa, don haka ko zaman makoki ba mu yi ba.

Yanzu ni da Inna ne a ɗaki ɗaya a Ammariyya. Idonta ya yi rauni, ba ta fita. Yaya ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, saboda kunya. A bana ta fara. Ina cikin kwaɓa lalle sai in ji ta faɗe shi a hankali, sau ɗaya, ba kira ba, ba addu'a ba. Nakan yi kamar ban ji ba, in ɗauki jakata in tafi gidan amarya.