Kiɗan da Ya Riga Mu Fita

Shekarun da na yi ina aiki a wani sibar, wato shagon intanet, da ke Zango a Damagaram, aikina buga takardu ne a ordinatar, wato kwamfuta. Ɗalibai su kawo rubutunsu na ƙarshen shekara, masu neman aiki su kawo nasu, tsofaffi su zo a buɗe musu saƙon ƴaƴansu da ke waje. Ba abin da ya haɗa ni da kiɗa sai ƙanena. Shi ne autan Inna, kuma Auta muke kiransa har yau da ya tara gemu.

Auta ya bar lise, babbar sakandare, bai ƙarasa ba. Ya samo wata tsohuwar ordinatar wajen wani mai gyara, ya girka ta a ɗakin zaure, ya toshe tagar da tsohuwar katifa. Abin da yake haɗawa ba irin wanda aka saba ji a gidan biki ba ne. Ba mawaƙi, ba amshi, ba sunan kowa da za a wasa. Yakan ɗauki waya ya tsaya gefen injin niƙa ya naɗi ƙararsa, ko ya je maƙera ya naɗi bugun guduma, ya dawo ya yayyanka su a na'ura, ya jera, ya shimfiɗa wani bugu mai nauyi a ƙarƙashi. Inna takan ce in ya kunna, kamar ana gyaran mota a cikin tulu. Da shi da abokansa biyu suka ce sun kafa gidan fitar da kiɗa. Gidan dai shi ne ɗakin zauren. Ni suka ɗora wa hulɗa da waje, don ina rubuta Faransanci ba tare da na sha wuya ba, kuma ina zaune inda rezon intanet yake.

Wata shekara bayan girbi Kawu, ƙanen Inna, ya zo daga Zermu neman maganin ido, ya sauka gidanmu. Manomi ne, amma yana goge kukuma tun yana saurayi, kuma duk inda za shi da ita yake tafiya a cikin buhu. Da la'asar yakan zauna a tsakar gida ya ɗan goga don kansa. Auta ya ajiye waya kusa da tabarmarsa, ya ce, "Kawu, in ɗauka?" Kawu ya ce, "Ɗauki mana, ai iska ce." Bayan ya koma ƙauye, Auta ya shige ɗaki da wannan sauti. Abin da ya fito da shi daga baya shi ne abu na farko a cikin aikinsa da na saurara har ƙarshe ba don kara ba. Kukumar tana tafe tana dawowa a kan wani bugu mai sanyi, can ƙasa kuma injin niƙa yana numfashi.

Sai maganar yadda za a fitar da shi. A lokacin hanyoyi uku na sani.

Ta farko masu turi ne. Ko'ina a bakin kasuwa akwai su, mutum da tebur da ordinatar da bafil mai fidda sauti, ka miƙa katin wayarka a cika maka da waƙoƙi da finafinai. A garinmu duk abin da bai shiga hannunsu ba, bai shiga gari ba. Ta biyu ita ce daga waya zuwa waya, aboki ya tura wa aboki, ba mai iya tarewa, ba mai iya bin sawu. Ta uku intanet, ita ce kuma wadda nake so, don a nan ne kawai kiɗan zai tsaya da sunan mai shi.

Na ɗauki lokaci kafin na gane yadda take. Manyan shafukan da duniya ke sauraren kiɗa ba sa karɓa daga hannun ƙaramin mutum. Sai ka bi ta wani kamfani da ke tsakani, kamar dillali, shi zai rarraba musu. Wani yana son a biya shi duk shekara, in ka daina biya ya sauke kayanka. Wani ba ya karɓar komai da farko, sai dai ya yanki rabonsa a abin da ya shigo. Akwai kuma wani irin shafi dabam, inda kake buɗe rumfarka da kanka, mai so ya zo ya saya kai tsaye, kuma a nan ne masu neman kiɗan da ba a saba ji ba suka fi taruwa. Kusan dukkansu suna son katin banki irin wanda ba mu da shi, wasu ma in ka duba jerin ƙasashensu ba ka ganin tamu. Na ce wa Auta ya yi haƙuri har in samo wanda zai karɓe mu.

Bai yi ba. Wata ranar Alhamis ya ɗauki kiɗan ya kai wa wani mai turi da suke gaisawa, na bi shi don in ji abin da za a ce. Mutumin ya sa a bafil, ya saurara kaɗan, ya matsa gaba, ya sake matsawa.

"Yaushe mawaƙin zai shigo?"

"Babu mawaƙi," in ji Auta.

"To wa zan ce wa mutane? In mace ta zo ta ce a sa mata waƙar wane, in ce ga ta ba kowa?"

"Ka sa musu a ƙarshe, in kati ya rage wuri."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya kwafa. Na ga lokacin da ya goge dogon sunan da Auta ya rubuta, ya sa "kukuma" kawai, don ya fi sauƙin nema.

Wata da watanni suka wuce kafin na samu dillalin da ya yarda da mu, ta hanyar kont ɗin bankin wata ƙawata da ke aiki a Yamai. Na cika duk abin da suka tambaya. Da aka zo wajen zaɓen nau'in kiɗa, na bi jerin daga sama har ƙasa ban ga namu ba, na zaɓi wanda ya fi kusa. Hoton bango ma sai da suka dawo da shi, wai ya yi ƙanƙanta. Fayil ɗin yana da nauyi, rezo kuma yana da nasa halin. In ya kusa kaiwa sai a ɗauke wutar kuran, mu koma farko. Ranar da ya shige, na kira Auta na gaya masa, ya ce, "Madalla, Yaya," ya kashe waya. Daga baya Inna ta ce mini tsalle ya yi ta yi a tsakar gida.

Amsar da ta zo bayan ƴan kwanaki gajera ce. Na'urarsu ta gane kiɗan, akwai shi a shafukan tun tuni da sunan wani, saboda haka ba za su karɓa ba sai mun nuna namu ne.

Na nema na samu. Kiɗan Auta ne daga farko har ƙarshe, sai dai ya dushe kamar zanen da ya sha wanki, alamar ya bi ta wayoyi da yawa. An sa masa hoton wani dutse irin na bayan Birni, an rubuta "Kewar gida". Mutane sun saurara ba laifi, kuma a ƙasa akwai maganganu da Hausa, yawanci na ƴan ci-rani. Wani ya rubuta cewa kakansa yake tunowa.

Auta ya zo sibar ɗin ya tsaya a bayana yana karantawa. Ya ce ɓarawo ne, a kai ƙara. Na tambaye shi wajen wa. Wanda ya ɗora kiɗan ya bar lambarsa a shafin, sai na aika masa saƙon murya, na gaya masa ko ni wace ce, da inda aka yi kiɗan, da wanda ya yi.

Washegari ya amsa. Muryar saurayi ce, da Hausarmu ta Damagaram, ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. Ya ce shi ɗan wajen Dakusa ne, yana aikin gini a wani birni na bakin teku. Ƙanensa ne ya ba shi kati lokacin da zai taso, a ciki ya tarar da kiɗan, ba suna sai "kukuma". Ya ɗauka na tsofaffi ne da wani ya gyara. Abokan aikinsa suka dame shi da a tura musu, wani ya nuna masa yadda ake ɗorawa, ya ɗora don kowa ya huta.

"Wallahi Hajiya ban san yana da mai shi ba," in ji shi. "In kin ce in sauke, yau zan sauke."

Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na sa wa Auta saƙon ya ji. Ya ji ya sake ji, sannan ya karɓi wayar ya yi magana da kansa. Ya fara da faɗa, bai yi nisa ba ya koma tambayar ko a wace irin bafil suke saurare, da ko bugun ƙasan yana fita. Saurayin ya ce yana fita, har maigadin wurin, wanda ba Bahaushe ba ne, yana kaɗa kai. Ya sauke kiɗan kamar yadda ya yi alkawari. Duk maganganun da ke ƙarƙashinsa suka tafi tare da shi, ba yadda za a yi a kwaso su.

Na aika wa dillalin hotunan aikin yadda yake a ordinatar Auta, yanka-yanka. Suka yarda, amma suka ƙara tambaya ɗaya: mai goge kukumar ya ba da izini? Sai a lokacin muka tuna Kawu bai taɓa jin abin da aka yi da gugarsa ba.

Muka hau mota zuwa Zermu ranar kasuwa. Muka tarar da shi a gindin itacen bedi yana gyaran igiya, idon ya ɗan yi sauƙi. Bayan gaisuwa da ruwa, Auta ya durƙusa ya sa masa abin saurare a kunne. Kawu ya rufe ido. Bai motsa ba har kiɗan ya ƙare.

"Hannuna ne," ya ce. "Amma ni ban maimaita wurin nan haka ba. Kai ka hana shi wucewa."

"Na yanko shi ne, Kawu, na jera."

"Wannan mai gurnani a ƙasa fa?"

"Injin niƙan unguwarmu."

Kawu ya yi dariya har da tari. Na bayyana masa abin da ya kawo mu, cewa za a sa kiɗan inda mutanen wasu ƙasashe za su ji, kuma ana son yardarsa da sunansa. Ya ce yarda ya yarda, amma suna a'a. Gugar ba tasa ba ce, wajen mahaifinsa ya ji ta, ita ake yi in an gama ɗaure dammunan hatsi, shi ma mahaifin nasa wajen wani ya ji. Ba zai tsaya gaban duniya ya ce tasa ce ba.

Na ce, "Kawu, akwai gurbin da dole a cika."

Ya ce, "To ki sa garin."

Haka na yi. A gurbin mai kiɗa na rubuta sunan gidan kiɗan su Auta, a gurbin wanda aka yi tare da shi na rubuta Zermu. Na naɗi muryar Kawu yana cewa ya yarda, na fassara na aika. Ban sani ba ko wani ya saurara a can, amma sun karɓa.

Kiɗan ya fita a manyan shafukan, na kuma buɗe mana rumfa a ɗaya shafin. A manyan bai yi wani tasiri ba, ya nutse cikin dubban irinsa, kuma ƴan ci-ranin da suka saba da shi a tsohon wurinsa ba duka suka gano sabon ba. A rumfar ne aka ɗan motsa. Mutane ƙalilan daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suka saya, wata mata mai shirin rediyo ta rubuto tana tambayar ko mece ce kukuma, na zauna na ba ta amsa mai tsawo. Abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Auta ya sayi abin naɗar sauti na hannu, aka kai wa Kawu rabonsa, ya karɓa ya ce a gaida Turawan.

Tun daga nan tsarinmu ya zauna. Duk sabon aiki sai ya hau intanet tukuna, sannan a ba gari. Auta ya koyi dasa sunan gidansu da murya a farkon kowane kiɗa, yadda ko an goge rubutu ba za a goge shi ba. Abokan nasa biyu, ɗaya ya koma ɗinkinsa, ɗaya ya samu aiki a Agadas, amma wasu matasa sun zo da nasu, har da wata yarinya ƴar jami'a da ke haɗa kiɗa a waya kawai.

Na bar sibar ɗin da na yi aure, shi ma daga baya aka mai da shi shagon sayar da kayan waya. Auta yanzu aikin kafa faifan sola yake yi, da shi yake ciyar da iyalinsa, kiɗa sai ranar da ba aiki. In ya gama sabo yakan aiko mini, in duba rubutun Faransancin, in cika gurabe, in jira rezo. Na baya-bayan nan da ƙarar famfon unguwarsu ya yi shi, ya kai minti tara. Na ce ya yi tsawo, ya ce haka zai tafi, na ɗora shi haka.