Kifin da Ya Fi Ƙarfin Sikelina

Ranar da na kasa mantawa da ita a duk shekarun aikina ita ce wata Talata, ƙarshen damina, a tsakiyar shekarun 1980. Lokacin ni ne malamin awo a bakin dam, can ƙasar Bebeji. Ku da kuka shigo aiki yanzu ba ku tarar da wannan muƙamin ba. Duk kwalekwalen da ya fito, sai in auna kifin, in rubuta irinsa da nauyinsa da sunan mai shi. Ni kaɗai ne a rumfar kwano, daga ni sai littafi sai sikeli mai ƙugiya. Iyalina suna Kiru. Shugabana, Malam Sabo, sufeto ne, ranar Alhamis kawai yake zuwa a babur. Masunta kuwa ba sa zama da ni, gani suke duk mai biro idon gwamnati ne. Tsoho ɗaya, Baba Ɗanjuma, shi kaɗai yake tsayawa mu gaisa.

A bayan littafin akwai shafin da muke kira shafin zakaru, inda ake rubuta kifi mafi girma da aka taɓa kamawa. Ƙa'idarsa biyu ce: a auna kifin ɗungurungum ba a yanka ba, sannan sufeto ya sa hannu. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, tsoron kuskure nake kamar wuta. Kowane layi sai na duba sau uku.

Da hantsi sai na ji ihu. Baba Ɗanjuma ne, mutum uku suna taya shi jan wani giwan ruwa da ya kusa tsawonsa.

Ya ce, "Malam Isiya, fito da littafinka! Shekara arba'in ina jiran wannan. Yau sunana zai hau kan na kowa."

Muka rataye sikelin a reshen marke, muka saƙala kifin a ƙugiya. Allurar sikeli ta zaga ta kai ƙarshe, kilo hamsin, ta tsaya cak.

"Nawa ne?"

Na ce, "Baba, ya fi ƙarfin sikelin."

"To a raba shi biyu mana, ka auna ka haɗa. Ko lissafin naka bai kai can ba?"

Aka yi dariya. Na ce doka ta ce ɗungurungum, in an yanka ba zai shiga shafin ba. Na roƙe shi ya jira in aro babban sikelin awon auduga da ke wani ƙauye gaba da mu. Na hau keke. Da na isa aka ce mai sikelin ya tafi Tudun Wada da mabuɗin shago a aljihunsa. Na zauna a ƙofa ina jira, ina cewa yanzu zai dawo, har aka kira la'asar.

Kafin in dawo rana ta fara taɓa kifin, masu banda sun yanka shi, tuni yana kan wuta. Kan kawai na tarar. Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Na jira ka har azahar ta wuce, ɗana. Kifi bai san doka ba."

Ranar Alhamis na faɗa wa Malam Sabo komai. Ya riƙe baki. "Haba Isiya! Da ka yanka ka auna, ka rubuta a gefe cewa yankawa aka yi, ai da na sa hannu. To rubuta sittin kawai mu wuce wurin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga sittin ba."

Ya hau babur ya tafi. Na rubuta sunan Baba da kwanan wata, na bar gurbin nauyi ba komai.

Bayan kwana biyu Baba ya zo ya ce in nuna masa shafin. Bai iya boko ba, sai na ɗora yatsansa a kan sunan.

"To wannan filin fa?"

"Nan nauyin ya kamata ya zauna, Baba."

Ya ce, "Bar shi haka. Kafaɗata ta san nauyinsa."

Damina biyu bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Daga nan babu mai tsayawa a rumfata. Nakan buɗe shafin in zauna ina kallonsa.

Abin da na koya shi ne, kada ka rubuta abin da ba ka gani ba, wannan har gobe ina kai. Amma in mutum ya kawo maka abin da ya yi shekara arba'in yana nema, auna shi da abin da ke hannunka, ka rubuta yadda ka auna. Ni na tafi neman babban sikeli, na dawo na tarar da kan kifi.