Malam Sada da Gurun Maiwada

Kullum kafin ƙarfe bakwai Malam Sada ya jingina kekensa a gindin darbejiyar ƙaramin asibitin da ke gefen Ƙarfi. Shi zai share baranda da kansa, sannan ya zauna a bencin marasa lafiya maimakon kujerarsa. Shekara talatin da uku ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ni kam gabana faɗuwa yake in na tuna.

Ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne na karkara, mai tambayar tsiya. Tambayar nan ce ta ceci ƙafar Maiwada, manomin masara, a daminar bara.

Gefen cinyar Maiwada na waje ya fara zugi kamar an zuba barkono, daga baya wurin ya mutu, ko an tsunkula ba ya ji. Aka ce sammu ya taka a gona. Yana da guru, ɗamarar fata mai layu da ya gada wurin mahaifinsa, sai ya ƙara masa layu biyu, ya ƙara tamke shi a ƙugu. Ciwo ya ci gaba. Aka sa ranar Juma'a wanzami zai yi masa sakiya da jan ƙarfe.

Ranar Alhamis matarsa Hajo ta faɗo asibiti, ko takalmi babu.

"Malam, don Allah ka zo ka gan shi. Gobe za su ƙona shi. In ƙafar nan ta tafi, wa zai riƙe mu?"

Malam Sada ya je. Ya sa Maiwada ya taka, ya ɗaga ƙafa, ya ga ƙarfinta na nan. Ya yi ta tambaya har Maiwada ya gundura, sannan ya ce ya ɗaga rigarsa. Guru ya nutse cikin nama.

"Wannan na wane ne?"

"Na Baba ne."

"Allah Ya jiƙansa. Ai Baba siriri ne kamar karan dawa, kai kuwa tuwon Hajo ya karɓe ka."

Ya nuna masa inda wata jijiya ke ratsawa ta gefen ƙashin ƙugu ta gangara fatar cinya. Ita guru ya danne.

Maiwada ya dafe gurun da hannu biyu. "In na cire, me zai tsare ni?"

Malam Sada ya san in ya ce a yar, gobe ƙarfe zai shiga wuta.

"Ban ce ka yar ba. Rataya shi a kafaɗa. Ka ba ni sati shida. In babu sauƙi, da kaina zan kai ka babban asibitin Malumfashi. Amma kada wuta ta taɓa wurin nan."

Maiwada ya yarda, aka fasa sakiyar. Duk Alhamis Malam Sada yakan zo ya soki cinyar da tsinke. Sati ɗaya, shiru. Sati uku, shiru. Dangi suka fara gunaguni, Hajo ta rame, shi kansa Malam Sada abinci ya daina yi masa daɗi. A sati na biyar tsinke na taɓawa Maiwada ya zabura.

"Wayyo! Malam, kashe ni za ka yi?"

Hajo ta rangaɗa guɗa tana kuka.

Malam Sada, kai ne ka san cuta, ka kuma san mai cutar. Kai ne ba ka taɓa yi wa tsoron talaka dariya ba. Tsorona shi ne wanda zai gaje ka ya zo da allura a hannu, babu tambaya a baki. Ku masu tasowa a aikin nan, ku zauna a benci, ku tambaya, ku ce a ɗaga riga.

Har yau Maiwada na yawo da gurunsa a kafaɗa, yana gaya wa kowa gurun ne ya warkar da shi. Kai kuma ba ka taɓa gyara masa zancen ba. Mu da muka sani, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri.