Lamba Ashirin da Uku

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanena, wata ranar Talata a ƙarshen damina. A aljihun rigata akwai wani ɗan littafi mai baƙin bango, ɗaure da roba. Na ɗana Isyaku ne, wanda Allah ya yi wa rasuwa wata uku kafin wannan tafiya, bayan zazzaɓin kwana shida. Shi ne mai kula da na'urar gano gobara a wata masana'antar casar shinkafa da ke bayan garin Haɗejiya. Tun da aka kawo mana kayansa ban buɗe littafin ba. Na san da hannunsa ya rubuta, kuma ban ji zan iya kallon wannan hannun ba.

Abin da ya tashe mu wasiƙa ce da wani direba ya kawo mini shagona na ɗinki. Wanda ya gaji Isyaku a wurin aiki ne ya rubuto, sunansa Bitrus. Ya ce na'urar ta kama kuka a kan wata lamba, an rasa dalili, kuma manya sun fara cewa marigayi ne ya hargitsa wayoyi ya bar musu aiki a lalace. Ya ce mai gadi ya gaya masa Isyaku yana da littafin da yake rubuta komai, ya roƙe ni in taimaka in aiko. Na karanta wasiƙar sau biyu. Ban yarda in aika ba. Idan sunan ɗana ne za a ɓata, gara a ɓata a gabana.

Kuɗin mota ya ninka yadda na sani, har ƙanena ya tambayi ɗan kamasho ko da abincin rana aka haɗa. Mun wuce Gezawa gari na wayewa. Daga nan har Ringim gero ne a yanke, an jingina shi yana shan iska, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsawo. A Gujungu muka tsaya muka sha koko da ƙosai mai zafi. Duk allon da ke bakin hanya fentinsa sabo ne, an goge Kano an rubuta Jigawa, don ba a daɗe da ba su jiharsu ba. Ƙanena ya ce ashe yanzu mu baƙi ne, sai mu kama kanmu. Mai ƙosan ta ce, "Ai ku Kanawa ko a gidan wani ku ne masu gida." Duk motar aka yi dariya. Na yi ƙoƙari ni ma na murmusa.

Bayan Kaugama ƙasa ta sake. Ni mutumin birni ne, ruwan da na saba gani na kududdufi ne da na famfo. A nan kuwa ruwa ya kwanta hagu da dama har inda ido ya gaji, itatuwa tsaye a cikinsa zuwa ƙugu, shinkafa ta fito samansa kore shar. Na ga masunci kwance a kan ƙaton gora yana tuƙi da hannu, kamar wanda yake kan tabarmar ɗakinsa. Na ga fararen tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya, suka rufe wani yanki na sama, suka sake sauka. Isyaku ya sha ba ni labarin wannan ruwa. Kullum sai in ce masa to, in ci gaba da taka keke. Shekara huɗu ya yi a Haɗejiya yana cewa in zo in gani, ban zo ba. A raina ina ganin yaron da ya yi makarantar koyon sana'a bai kamata ya ƙare a gadin akwati ba. Haka nake kiran aikin nasa, kuma ya ji na faɗa.

Mun isa kafin azahar. Haɗejiya gari ne mai warin kifi da hayaƙin banda, mutanensa ba sa gaggawar magana. Masana'antar tana can gefen fadama, dogayen ɗakunan ajiya na kwano a jere, ƙarar injin casa tana tashi, ƙaiƙayi yana yawo a iska. A bakin ƙofa wani dattijo ya miƙe daga benci, ya dube ni, bai tambayi ko ni wane ne ba. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne mahaifinsa. Tafiyarku ɗaya. Allah ya jiƙan Isyaku, Malam. Allah ya ba ka haƙuri."

Shi ne mai gadin, mutumin Guri. Na amsa da amin.

Bitrus ya fito da sauri. Mutumin Filato ne, gajere, mai fara'a, Hausarsa tas. Ya rusuna ya gaishe ni, ya kira ni Baba, ya kai mu wani ƙaramin ɗaki kusa da ofis. A jikin bango akwai jan akwatin ƙarfe, bai fi akwatin lefe girma ba. Yana da ɗan gilashi mai nuna rubutu, da maɓallai, da ƙananan fitilu. Wata fitila tana kunnuwa tana mutuwa, kuma wani siririn kuka yana fita, kamar na ɗan tsako.

Na ce, "Wannan ne?"

Ya ce, "Shi ne, Baba."

Ya yi mini bayani a hankali. A rufin kowane ɗaki na masana'antar an manna wani farin abu kamar murfin kwano, suna kiransa kai. Wani yana shinshinar hayaƙi, wani yana jin zafi. Waya ɗaya ce ta fita daga akwatin, ta bi su duka ɗaya bayan ɗaya, ta zagayo ta dawo. Kowane kai yana da lambarsa. Akwatin yana kiran su da lamba, na ɗaya, na biyu, na uku, har na ƙarshe, kowanne ya amsa ya faɗi halin da yake ciki, sannan ya koma farko. Kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu ya gama zagaye. Ba dare ba rana. Ko an ɗauke wuta, akwai batir a cikinsa.

Na ce, "To idan wani bai amsa ba fa?"

"Ba ya wuce shi, Baba. Sai ya yi ta kuka yana faɗin lambarsa, har a je a duba."

Na daɗe a tsaye ina kallon akwatin. Ni da nake zaton ƙararrawa ce kawai irin ta makaranta. Ashe abu ne da ya san kowa da sunansa, kuma ba ya yarda a rasa ɗaya. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Matsalar ita ce lamba ashirin da uku. Kwana biyar ke nan tana cewa tana jin ɗan hayaƙi, bai kai na tayar da babbar ƙararrawa ba, amma kullum yana ƙaruwa kaɗan. Rubutun gilashin da taswirar ginin duk sun ce ashirin da uku tana barandar ofis. Bitrus ya hau tsani ya cire kan da ke barandar, sai akwatin ya ce ashirin da huɗu ce ta ɓata. Ya bi duk ɗakunan da ke cikin taswira, ya ƙirga kawuna, ɗaya babu. Ga ta tana amsawa, amma ba wanda ya san daga ina. Leburori har sun fara gudun wucewa ta ƙofar ɗakin akwatin, wai aljani ne a ciki.

Muna cikin haka manaja ya shigo. Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya juya ga Bitrus ya ce kwanakin da ya roƙa sun cika, yau a toshe bakin lambar nan a huta, a rubuta cewa kuskuren haɗi ne na wanda ya gabata. Bai faɗa da mugunta ba. Mutum ne da kukan ya hana shi aiki.

Bitrus ya ce, "Ranka ya daɗe, ga littafin ya zo. A ba mu rabin sa'a."

Na ciro littafin na miƙa masa. Ya cire robar, ya buɗe, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, sai ya dube ni yana dariyar kunya.

"Baba, wannan ya fi ƙarfin makarantar da na yi."

Da ajami Isyaku ya rubuta. Mai gadi, da ya biyo mu ɗakin, ya ce ai saboda su ne, don duk masu gadin ba mai karanta boko, shi kuwa yana so ko ba ya nan su iya gane inda wuta take. Ya ce da zai karanta, amma idonsa ya yi rauni. Sai littafin ya dawo hannuna.

Ni na koya masa wannan rubutu, a kan teburin yanka yadi, yana ɗan shekara bakwai. Har yanzu yana jan wutsiyar harafi fiye da kima, abin da na sha yi masa faɗa a kai. Na zauna a kujera. Ƙanena ya matso ya tsaya a bayana. Na fara karantawa da ƙarfi, lamba da wurinta. Bai rubuta irin sunayen taswira ba. Ya rubuta "ɗakin da Baba mai gadi yake sallah", da "saman sikeli", da "inda zanzaro yake gini, a share duk wata". Da na kai ashirin da uku na ga ya soke layin farko, ya rubuta a ƙasa: "Na mai da ita tsohon sito na baya, tun da an fara tara dusa da buhunan algarara a can. Barandar ofis kai ɗaya ya ishe ta. A gyara taswira, a gyara rubutun akwati." Wannan shi ne shafi na kusa da ƙarshe. Bai samu ya gyara ba.

Bitrus ya ce, "Tsohon sito? Ai taswira ta ce babu ko waya a can!"

Kafin a samo mabuɗi wurin mai kula da sito, mun riga mun isa ƙofar. Ɗaki ne can ƙarshen fili, jikinsa ɗaya da babban ɗakin da aka jibge shinkafar bana. Daga waje ba a jin komai. Da aka buɗe, wani wari mai ɗaci ya tare mu. Rufin ya yi yoyo da damina, dusa ta jiƙe, ta yi ta ɗaukar zafi a cikinta. Mai gadi ya soka sandarsa cikin tarin, ya zaro ta, ya taɓa, ya yarfe hannu. Da leburori suka janye buhunan sama, sai ga ƙasan baƙi ƙirin, da jan garwashi yana numfashi a tsakiya. Na ɗaga kai. Can a jikin ƙarfen rufi ga ɗan farin murfin, da wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa.

Nan take babbar ƙararrawa ta ɗauka, don iska ta shiga hayaƙi ya tashi. Aka yi ta gudu da bokitai da tiyo. Kafin la'asar an kashe, an kwashe dusar an baza a fili. Ba wanda ya ƙone, ko buhu ɗaya na shinkafa bai taɓu ba. Manaja ya zo inda nake tsaye, rigarsa jiƙe, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Malam, ka yafe mini abin da na faɗa." Na ce ba komai. Mai gadi kuwa ya juya ga leburori ya ce, "To, masu cewa aljani ne, ga aljaninku nan, ku kwashe shi da shebur."

Mun kwana a gidan mai gadi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, wanda ban taɓa cin irinsa ba, matar Bitrus kuma ta aiko da kunun acca. Sauron Haɗejiya ya karɓi baƙuncin ƙanena sosai, ya ce shi ma da za a sa masa lamba a san ta inda yake shigowa.

Washegari da hantsi muka zauna ni da Bitrus a gaban akwatin. Ina karanta ajami yana rubutawa da boko, har muka kai ƙarshe. Sannan na kwafe wa masu gadi nasu da ajami, da manyan haruffa, aka manna takardun biyu a bango, gefe da gefe. Ya nuna mini yadda ake share kai da ɗan buroshi, da yadda ake gwada shi da hayaƙi, da yadda ake duba batir. Ya ce in danna maɓallin da ke mai da komai daidai. Na danna. Fitilu suka mutu, saura koriya ɗaya. Ɗakin ya yi tsit. Na san a cikin wannan shirun yana can yana kiran su, suna amsawa.

Da zan tafi Bitrus ya miƙo mini littafin. Na riƙe shi kaɗan, na mayar masa. Na ce akwai sauran shafuka, ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Mun kamo hanya bayan azahar, da ƙullin bandar kifi da mai gadi ya tilasta mana. Wannan karon na zauna jikin taga, na kalli ruwan nan tun daga farkonsa har ya ƙare, ban kau da ido ba. Mun shiga Kano ana kiran magariba.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Akwai aikin da idan an yi shi da kyau ba abin da ke faruwa, shi ya sa ba a ganinsa. Shekara huɗu ɗana yana irin wannan aiki, ni ina kiransa mai gadin akwati. Duk wanda nasa yake cewa ya zo ya ga inda yake aiki, ya je tun yana da mai nuna masa.

Da na shiga gida mahaifiyarsa ta karɓi kifin, ta dubi aljihuna, ta ga babu komai.

Ta ce, "Malam, ina littafin yaron nan?"

Na ce, "Yana can bakin aiki."